Furut, baƙuwar bakin teku, da ɗan'uwanta baushe na dajin Birnin Gwari

Furut ita ce bishiyar nan mai faffaɗan ganye da rassa hawa-hawa, kamar an ɗora laima bisa laima, wadda ake gani a farfajiyar makarantu da asibitoci da ƙofar gidaje a Kaduna da Zariya da Kano. Masana tsirrai suna kiranta Terminalia catappa. Asalinta bakin teku ne, inda take tsayawa a kan rairayi iska na fesa mata ruwan gishiri, 'ya'yanta na faɗawa cikin ruwa igiya ta kai su wata gaɓar. Birnin Gwari kuwa ya fi kilomita 500 nisa da teku mafi kusa. Duk da haka ba baƙon gida ta shigo ba, domin dajin da ya kewaye garin cike yake da ɗan'uwanta na jini, wato baushe, wanda masana suka sa su a zuriya ɗaya. Sanin abin da ya haɗa su da abin da ya raba su yana da amfani ga duk mai bibiyar alkawuran dashen itatuwa da gwamnatoci ke yi, da kuma makomar dajin Kamuku.

Suna da asali

Sunan furut aro ne daga kalmar Turanci da ke nufin ɗan itace kowane iri. Yarabawa ma haka suka yi, suna cewa furutu, mutanen Binin kuma suna cewa ebelebo. Sunan aro irin wannan shaida ce cewa bishiyar ba ta daɗe a ƙasar ba. Itacen da ya tsufa a ƙasar Hausa yana da sunansa na kansa, wani ma har da kirari da karin magana, kamar kuka da tsamiya da ɗorawa. Wasu marubuta a Najeriya sukan rubuta cewa sunanta da Hausa baushe ne. Sun kusa, amma ba su dace ba: baushe wani itace ne daban na daji, kuma za a zo kansa.

Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ya sa mata sunan kimiyya a 1767. Kashi na farko na sunan daga Latin yake, ma'anarsa ƙarshe ko iyaka, saboda ganyenta yakan taru ne a ƙarshen reshe. Kashi na biyu daga harshen Malay aka ɗauko shi, inda ake kiranta ketapang, har akwai gari da tashar jiragen ruwa masu wannan suna a Indunusiya. Mahaifarta gaɓar tekun kudu maso gabashin Asiya ce, da arewacin Ostareliya, da tsibiran tekun Fasifik. Daga can ruwa da mutane suka yaɗa ta, har ta kai Indiya da gabashin Afirka da yammacinta da Barazil da tsibiran Karebiyan. A wasu wuraren, kamar jihar Fulorida ta Amurka da wasu gaɓoɓin Barazil, ta yi yawan da hukumomi ke lissafa ta cikin baƙin tsirrai masu mamaye wurin na gida.

Turawa suna ce mata almon na Indiya ko almon na bakin teku, saboda ƙwayar cikin ƙwallonta ta yi kama da almon a siffa da ɗanɗano. Kamar ta tsaya nan. Almon na gaskiya, wanda jihar Kalifoniya ke noma mafi yawansa a duniya, daga wani dangi yake dabam, kuma ba ya son irin zafi da laimar da furut ke so.

Siffarta

A mahaifarta takan kai tsawon mita 25 zuwa 35, amma a garuruwan Arewa ba kasafai take kai haka ba. Abin da ya fi bambanta ta shi ne tsarin rassanta. Gangar jikin takan miƙe ta yi tsawo, ta dakata, ta fitar da rassa a kewaye su miƙe a kwance, sannan ta sake miƙewa ta sake fitar da wani hawan. Wannan ne ya sa inuwarta ta yi faɗi tun tana ƙarama, kuma shi ya sa masu shayi da masu gyaran babur da masu wankin mota suke ƙaunarta. Idan ta tsufa tsarin yakan ɓace, kan ya baje.

Ganyen yana da kauri da sheƙi, tsawonsa kamar santimita 15 zuwa 25, ya fi faɗi ta wajen baki. Kafin ya zuba yakan rine ya koma ja ko ruwan ɗorawa, abin da ba a cika gani ba a itatuwan ƙasashe masu zafi. Da hunturu za ka ga ƙasan bishiyar ya yi jajir, sabon ganye kuma ba ya jimawa yake fitowa. Furenta ƙanana ne, farare, a jere kan siririn zangarniya: na sama maza ne kawai, na ƙasa su ne ke zama 'ya'ya. Ɗan yakan kai santimita 5 zuwa 7, ɗan shafaffe mai kaifi-kaifi a gefe biyu, kore ne da fari, sannan ya koma rawaya ko ja idan ya nuna. Bishiyar da ta samu ruwa takan fara 'ya'ya tun tana shekara 3 zuwa 5.

Gishiri da ƙishirwa

Gishiri yana kashe tsiro ta hanya biyu. Ta farko, idan ya yi yawa a ƙasa sai ya hana saiwa zuƙar ruwa, tsiron ya bushe alhali ƙasar a jiƙe take. Ta biyu, wanda ya samu shiga jikin tsiron yakan taru a ganye ya ƙone shi tun daga gefe. Furut tana da kariya daga duka biyun daidai gwargwado. Ganyenta mai kauri ne kuma da maiƙo a bayansa, feshin ruwan teku ba ya ratsa shi da sauƙi. Saiwoyinta suna bazuwa nesa cikin rairayi, inda ruwan sama mai daɗi ke taruwa bisa na gishiri. Amma ba ta cikin itatuwan da ke tsayawa tsundum a cikin ruwan gishiri, irin na fadamun Neja Delta. Wurinta shi ne ɗan sama da inda igiyar ruwa ke kaiwa, kuma a nan saiwoyinta ke riƙe rairayi su rage zaizayar gaɓa.

Ƙwallon ma don teku aka yi shi. Ɓawon da yara ke fama da shi da dutse yana da zare-zare da ƙananan ramukan iska kamar toto, shi ya sa yake yawo a kan ruwa wata da watanni ba tare da ƙwayar ciki ta mutu ba. A tudu kuma jemagu ne masu yaɗa shi. Sukan ɗauki ɗan su kai wata bishiyar su ci tsokar su yar da ƙwallon, shi ya sa ake tsintar ƙwallon furut a gindin mangwaro ko darbejiya inda babu uwar a kusa.

To, a Birnin Gwari wannan baiwa ta jure gishiri ba ta da aikin yi. Ƙasar yankin ba ta gishiri ba ce. Masu matsalar gishiri da kanwa a Arewa su ne gefen Tafkin Chadi da ƙasar Manga, da wasu filayen noman rani inda ake ban-ruwa ba tare da magudana mai kyau ba. Abin da furut ke fuskanta a yammacin Kaduna shi ne rani. Tana son ruwan sama daga milimita 1,000 zuwa sama a shekara. Yankin yana samun abin da ya ɗan haura haka, sai dai kusan dukansa yana sauka ne cikin wata biyar zuwa shida, sauran watannin kuma hunturu ne da bazara da wutar daji. Ɓawonta ba na jure wuta ba ne, ƙaramin dashenta kuma ba ya ƙetare rani sai da mai ba shi ruwa. Saboda haka a wannan yanki furut bishiyar gari ce: tana rayuwa inda aka dasa ta, aka kewaye ta daga awaki, aka zuba mata ruwan wanke-wanke ko na alwala. Ba ta shiga daji da kanta.

Abin ci da abin lura

Tsokar ɗan siririya ce, mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami da bauri, kuma ta bambanta daga bishiya zuwa bishiya. Ƙwayar ciki ita ce mai daraja. Kusan rabin nauyinta mai ne, tana kuma da sinadarin gina jiki mai yawa, ana cin ta ɗanya ko a gasa. Matsalarta ƙanƙanta: ƙwallo babba, ƙwaya 'yar mitsitsiya, fasawa kuma da wuya. Wannan ya hana ta zama kayan kasuwa a mafi yawan ƙasashe. Mutanen tsibiran Banuwatu da Solomon ne suka daɗe suna zaɓen iri mai manyan ƙwaya da ɓawo mai saukin fasawa, har suna sayarwa. A nan abincin 'yan makaranta ne a lokacin tara.

Ganye da ɓawo suna da sinadarin jima mai yawa, irin wanda ke cikin bagaruwa, ana kuma samun baƙin rini daga gare su. Masu kiwon kifin ado a Asiya suna saka busasshen ganyen a ruwan kifi, har ana fataucinsa ta intanet zuwa Turai da Amurka, alhali a nan sharewa ake yi a ƙone. Katakon ja-ja ne, mutanen Fasifik suna sassaƙa kwalekwale da shi. A fannin magani, al'ummomi da dama suna dafa ganyen don gudawa da ciwon fata, an kuma gwada ruwan ganyen a ɗakunan bincike, har da gwaji kan jinin masu cutar sikila. Gwajin kwalba daban, warkar da mutum daban. Mai sikila ko ciwon hanta kada ya bar asibiti saboda wani bidiyo da ya gani a Facebook ko TikTok.

Akwai abu biyu da mai dashe ya kamata ya sani. Saiwoyinta suna tafiya a sama-sama, suna ɗaga daɓe su tsaga katanga su shiga masai, don haka ba a dasa ta jikin gini. Na biyu ya shafi masu lambu. 'Ya'yan furut suna cikin manyan matattarar wani ƙudan 'ya'yan itace ɗan asalin Asiya, Bactrocera dorsalis, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, ya kuma iso yammacin Afirka cikin 'yan shekaru. Shi ne ke sa tsutsa a mangwaro da gwaiba da lemo. Idan aka bar 'ya'yan furut suna ruɓewa a ƙasa kusa da lambu, an ba ƙudan wurin renon 'ya'yansa kafin mangwaro ya nuna. Tsince su a binne da zurfi yana rage ɓarnar.

Baushe da sauran dangi

Zuriyar Terminalia tana da jinsi fiye da 200 a ƙasashe masu zafi, kuma Najeriya na da rabonta. A kurmin Kudu akwai afara da idigbo, waɗanda duk kafinta ya san katakonsu. Akwai kuma wata baƙuwar daga Madagaska, Terminalia mantaly, mai ƙananan ganye da rassa hawa-hawa, wadda masu sayar da dashe ke kira satalayit, ta kuma cika sababbin unguwanni da gidajen mai. Marke ma, wanda aka daɗe ana lissafa shi a wata zuriya, binciken ƙwayoyin halitta ya sa masana sun mayar da shi cikin Terminalia a 2017. Idan aka faɗaɗa zuwa babban dangin, sabara da geza da taramniya duk 'yan gida ɗaya ne da furut.

Baushe shi ne Terminalia avicennioides. Wasu masana biyu, Guillemin da Perrottet, suka bayyana shi a farkon shekarun 1830 daga tsirran Senegal. Sunan da suka ba shi yana da ban sha'awa: ma'anarsa mai kama da Avicennia, wani itacen fadamar bakin teku mai farin bayan ganye, wanda shi kuma aka raɗa masa sunan Ibn Sina, likitan nan da ya rasu a 1037. Ke nan itacen tudu ya samu suna daga itacen teku, shi kuma daga malamin Musulunci na ƙasar Farisa.

A ido, baushe bai kama ƙafar furut a kyau ba. Gajere ne, ba kasafai yake wuce mita 10 ba, sau da yawa a karkace, ɓawonsa baƙi-baƙi mai kauri da zurfin tsaga, ganyensa dogo mai laushin gashi fari-fari a baya. Ɗansa busasshe ne mai fiffike biyu, iska ke ɗaukarsa, ba a cin sa. Amma kowace siffa a cikin waɗannan amsa ce ga wata wahala ta dajin. Kaurin ɓawo yana kare shi daga wutar da ake sa wa ciyawa kowace kaka. Gashin ganye yana rage ruwan da hunturu ke zuƙewa. Mafi muhimmanci, rabin ransa a ƙarƙashin ƙasa yake: a sare shi, a ƙone shi, damina na sauka sai ya yi toho daga kututture ko daga saiwa. Saiwar rawaya ce, ana asuwaki da ita, masu maganin gargajiya suna amfani da ita da ɓawon don ciwon ciki da miki, ana samun rini daga gare shi, itacen kuma yana da nauyi, yana ci da wuta sosai. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ke jawo masa gatari.

Dajin da baushe ke ciki

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 6,000, da mutane sama da 250,000 a ƙidayar 2006, tana kuma iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. A cikinta ne gandun dajin Kamuku yake, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. An keɓe shi a 1936 a matsayin gandun daji na hukumar gargajiya, wato En'e, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Itatuwan da suka fi yawa a cikinsa su ne doka da baushe da taura, sai maje da ƙirya da ɗorawa da tafashiya da namijin kaɗe. An lissafa tsuntsaye fiye da iri 170 a cikinsa, da giwaye da gwanki da kanki da gwaggon biri. A littattafan yawon buɗe ido ana ambaton magangarar Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema.

Mai karatu ya fi sanin sunan dajin ta wata fuskar. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da shi suka haɗa kuɗi don farmakin soja kan ɓarayin shanu a Kamuku da Kuyambana. A watan Mayun 2018 aka kashe mutane da dama a ƙauyen Gwaska. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram a 2012, ta kafa sansani a gabashin masarautar, har a 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari ta sanar cewa an hana harkokin siyasa a wasu garuruwan yankin. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, manoma kuma suna biyan 'yan bindiga kafin su yi shuka ko girbi. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin ya karɓi waɗanda aka ce sun tuba, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe.

A cikin wannan tarihi sau ɗaya aka yi maganar itace da babbar murya. A 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta haramta sare itatuwa don katako da itacen girki da gawayi a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya. Katsina da Zamfara ma sun hana motocin itace shiga daji. Dalilin da aka bayar na tsaro ne, wato toshe hanyar da kaya da labari ke kai wa 'yan bindiga. Itatuwan sun samu kariya ne a matsayin 'yan rakiya, kuma dokar da aka kafa don tsaro takan yi sanyi da zarar an ce tsaro ya samu.

A nan ne lissafin yake da sarƙaƙiya. Shekarun tashin hankali sun kori malaman daji da masu bincike daga gandun, amma sun kuma kori manoma daga gonaki masu nisa, kuma gonar da aka bari a irin wannan ƙasa baushe da doka ne ke fara mayar da ita daji. Zaman lafiya, wanda kowa ke roƙo, yana buɗe hanya ga manomi da makiyayi da ɗan kasuwa, yana kuma buɗe ta ga injin yankan katako da motar gawayi. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yin gawayi a duniya, tsadar gas da kananzir kuma ta mayar da gidaje da yawa a Kaduna da Zariya da Kano kan murhun gawayi. Masu yin sa itace mai nauyi suke nema: ƙirya, marke, kaɗanya, baushe. An riga an ga abin da kasuwa ke iya yi wa itace guda cikin ƙanƙanin lokaci. Madobiya, wadda 'yan kasuwar Sin ke saye don kayan ɗaki, an yi mata sarar da ta sa aka saka ta cikin jerin yarjejeniyar CITES a 2016, aka kuma dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018.

Wa ke da alhakin lura? Gandun Kamuku na gwamnatin tarayya ne, ƙarƙashin hukumar kula da gandayen daji na ƙasa. Sauran dazuzzukan da aka keɓe na jiha ne, ita ke ba da izinin sara. Ƙasar kanta, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana hannun gwamna a matsayin amana. Masarauta, ƙarƙashin Sarkin Birnin Gwari Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, da dagatai da masu unguwanni, su ne suka san wane ne ke noma ina, amma doka ba ta ba su ikon da En'e ke da shi a 1936 ba. Ana iya ganin yadda motar gawayi za ta ratsa tsakanin hukumomi huɗu kowace na cewa aikin ɗayar ne.

Dashe da toho

A watan Satumban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Najeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, yana aiki a jihohi 11 na Arewa, ban da Kaduna. Shirin ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya da aka amince da shi a ƙarshen 2021, ya haɗa da jihohin Arewa 19 da Abuja. Ma'aunin da aka fi jin ana faɗa a irin waɗannan shirye-shirye shi ne yawan dashen da aka raba, kuma dashen da ya fi sauƙin samu a wurin masu reno shi ne mai saurin tsirowa da saurin girma: darbejiya, turare, zaiti na ado, satalayit, furut. Ƙwallon furut sabo yakan tsiro cikin 'yan makonni a leda, ya yi kyau a hoto ranar biki.

Babu laifi a dasa furut inda ta dace. Makarantar firamare da aka sake ginawa bayan an ƙone ta tana buƙatar inuwa da wuri, haka kasuwa da tasha da asibiti, kuma bishiyar da za ta ba yara inuwa da abin taunawa cikin shekara huɗu ta cancanci ruwan da za a ba ta. Darbejiya ma baƙuwa ce daga Indiya, an kawo ta Borno a wajajen 1928, yau kuma ba a iya tunanin Maiduguri ko Sakkwato ba tare da ita ba. Kuskuren shi ne a haɗa lissafin inuwar gari da na daji, a ce an dasa dubu kaza a bakin titi don haka an rama abin da aka sare a Kamuku. Furut ba za ta tsaya inda wuta ke bi kowace shekara ba, ba ta ba makiyayi abin da doka da madobiya ke ba shi da rani, ba ta kuma maye gurbin kaɗanya da ɗorawa a tukunyar mata.

Hanyar da ta dace da baushe an gwada ta a ƙasar Hausa, a Maraɗi. Daga 1983 wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan ya ga yawancin dashen da ake yi yana mutuwa, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara rayayyu ne. Sai aka fara abin da manoman suka kira sassabin zamani: maimakon a share tohon duka, a zaɓi mai ƙarfi ɗaya zuwa biyar a bari, a rage sauran, a kare su daga wuta da dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, tohon yana girma da saurin da dashe ba ya yi, kuma ba ya neman ban-ruwa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ya yaɗu ba dabarar kaɗai ba ce. A da itacen da ke gona na hukuma ne a idon doka, manomi na tsoron tarar malamin daji, don haka gara ya kashe tohon tun yana ƙarami. Da ikon ya sassauta, aka kuma yi Dokar Karkara ta 1993, manomi ya tabbata abin da ya rena nasa ne, sai ya rena.

Birnin Gwari ya fi Maraɗi ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma gonakin da aka gudu aka bari shekaru sun riga sun yi tohon. Manomin da ya koma gonarsa bayan sulhu zai tarar da baushe da taura da kaɗanya sun kai tsayin mutum ko sun fi, kuma cikin makonnin farko na sharar gona zai yanke shawarar wanda zai bari da wanda zai tumɓuke. Idan yana da tabbacin gonar tasa ce kuma zai girbe ta baɗi, akwai dalilin barin wasu. Idan yana zaton za a sake korarsa, mai gawayi na bakin hanya da kuɗi a hannu.